Shafi Na Ɗari Huɗu Da Sha Biyu

A Kalkata, a titin da littattafai ke kwana a waje,
inda taragon lantarki ke tafe kamar mai ciwon gwiwa,
nan ɗakina yake, a saman maɗaba'ar Basak.
Matakala goma sha bakwai. Ta tara tana kuka.

Sana'ata rage wa manya tsawo.
A kawo mini littafi mai shafi ɗari tara,
wanda mai shi ya rubuta har idonsa ya dushe,
in mayar da shi arba'in da takwas,
bango rawaya, rupi talatin,
da tambayoyi goma da ake sa ran fitowarsu.
Babu sunana a jiki. An dai ce: "Daga wani gogaggen malami."
Shekara talatin da ɗaya ke nan ina gogewa.

Masu falsafa sun fi daɗin yanka.
Mutum ya yi kwana dubu yana tambayar mene ne adalci,
in sallame shi da layi uku.
Na taɓa sa Mutuwa cikin akwati mai kusurwa huɗu,
na rubuta a ƙasa: a haddace, tana yawan fitowa.
Ban ji kunya ba.
Wanda ya miƙa maka romo bai hana ka nama ba,
kuma yaran nan, 'ya'yan masu jan keke da wanke-wanke,
ba su da daren da za su ba littafi kyauta.

Wata Talata, damina ta kankama,
ruwa ya kai ƙauri a titi,
na ji ta tara ta yi kuka.
Moushumi Dhar, aji biyu a jami'a, lemarta na ɗiga.
A hannun dama ɗan littafina, ya jiƙe ya kumbura,
a hagu uwarsa, naɗe cikin leda kamar jaririya.

"Kai ne gogaggen?"
Na ce haka aka rubuta.
"Ina tsohuwar da ke ɓare lemo?
Shafi na ɗari huɗu da sha biyu.
Wanda ya tona asirin ɗanta ya shigo neman mafaka,
ta zaunar da shi, ta ɓare masa lemo,
tana cire farin zaren nan ɗaya bayan ɗaya,
har shafin ya ƙare ba ta ce uffan ba."

Na ce ba ta fitowa a jarrabawa.
"Na sani. Na ci, kuma da naka na ci.
Tambayata, ka gan ta?"

Na gan ta ina ɗan sha tara,
a barandar asibiti, mahaifina na numfashi da ƙyar a ciki.
Ban faɗa mata wannan ba.
Na jawo gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado:
guntayen takardu, duk abin da almakashina ya zubar.
Karen da ya bi sarki zuwa gudun hijira.
Masanin da ya tsaya tsakiyar hujja ya ce, ban sani ba.
Tsohuwar na can ƙasa, tawadarta ta koma ruwan ƙasa.

Ko ɓoye ta na yi, kada a haddace ta a tofar,
ko kuwa takarda ce ta yi tsada a shekarar?
Ni ma na daina rantsuwa a kan amsar.

Ta zauna a ƙasa tana karantawa.
Shayi ya huce a ƙoƙon yumɓu.
Daga ƙasa Basak ya ƙwala kira:
"Malam Nirmalendu! Na gobe ya zarce da shafi guda!"

Na ɗauki almakashi.
Ta miƙo gwangwanin, a buɗe, ba ta ɗago kai ba.